Faffaɗar tsutsar Niyu Zilan da ɓarnar da take yi wa tana a gonakin Ailan da Sikotilan

A shekarar 1963 aka fara ganin wata baƙuwar tsutsa a lambunan wasu gidaje na birnin Belfas da ke Ailan ta Arewa, bayan shekara biyu kuma aka sake cin karo da ita a babban lambun nazarin tsirrai na birnin Edinbara a Sikotilan. Faffaɗa ce, jikinta sai santsi da yauƙi, bayanta ruwan ƙasa ne mai duhu da ya ɗan karkata zuwa shunayya, gefenta da cikinta kuma suna da haske da ɗigo-ɗigo. Idan ta miƙe sosai takan haura santimita 15, idan kuwa tana hutawa sai ta naɗe a ƙarƙashin dutse ko katako ko leda, har wanda bai san ta ba ya ɗauka matsattsaku ce. Masana ba su sha wahalar gane ta ba, domin tun a shekarun 1890 wani masanin dabbobi mai suna Arthur Dendy ya bayyana ta daga tsibirin kudu na ƙasar Niyu Zilan, kuma a yau ana kiran ta Arthurdendyus triangulatus a littattafan kimiyya. An shafe kusan shekara ashirin ana kallon ta a matsayin abin mamaki kawai, irin wanda masu lambu ke nuna wa juna. Sai a shekarun 1980 ne wani mai bincike a Ailan ta Arewa, Rod Blackshaw, ya lura cewa tana na ƙarewa a filayen ciyawar da yake gwaji a kansu, kuma ƙarewar na tafiya ne tare da yawaitar wannan baƙuwa. Daga nan maganar ta tashi daga hirar masu furanni ta koma maganar noma da kiwo.

Tsutsar dangin tsila ce, kuma dangin ƙwayar halittar da ke haddasa tsargiya, domin duk suna cikin babban rukunin tsutsotsi masu faffaɗan jiki. Bambancin shi ne waɗancan a jikin mutum ko dabba suke rayuwa, ita kuwa a kan ƙasa take yawo tana farautar abincinta da kanta. Ire-irenta masu zama a tudu sun haura 900 a cikin waɗanda aka riga aka bayyana, mafi yawansu a dazuzzuka masu laima na kudancin Amurka da kudu maso gabashin Asiya da Ostareliya da Niyu Zilan. Ba su da ƙashi, ba su da huhu, ba su da jijiyoyin jini, ta fata suke shaƙar iska, shi ya sa bushewa ke kashe su da sauri, shi ya sa kuma ba sa fitowa sai da dare ko bayan ruwan sama. Wasu katantanwa suke ci, wasu ƙananan ƙwari, wasu ma junansu. Ta Niyu Zilan kuwa kusan ba ta da wani abinci sai tana.

Yadda take cin abincin ya cancanci a tsaya a kansa, saboda shi ne ya sa ƙanƙantar jikinta ba ta hana ta kashe abin da ya fi ta girma. Bakinta ba a kai yake ba, a ƙarƙashin ciki yake, wajen tsakiyar jiki. Idan ta riski tana sai ta manne mata da yauƙinta mai danƙo, ta kanannaɗe ta, sannan ta fito da wani bututu daga cikin bakin ta zuba mata ruwan narkar da abinci. A waje ake narkewar, ba a ciki ba: naman tanar yakan zama ruwa-ruwa, ita kuma ta tsotse, abin da zai rage ɗan ƙasar da ke cikin hanjin tanar ne da sawun yauƙi. Gwaje-gwaje sun nuna cewa tsutsa ɗaya na cin kimanin tana ɗaya a mako, adadin da ba ya tayar da hankali sai an yi lissafinsa a kan gona. Idan akwai tsutsa guda a kowane murabba'in mita, to akwai 10,000 a hekta ɗaya ke nan, kuma a makonnin da yanayi ya yi musu daɗi gonar na iya asarar tana dubbai kowane mako ba tare da manomi ya ga gawa ko ɗaya ba.

Kafin a auna girman wannan asara dole a san cewa tana ba iri ɗaya ba ce, kuma aikinta a ƙasa ba ɗaya ba ne. Masanin ƙasar Faransa Marcel Bouché ya kasa ta gida uku a shekarun 1970, rabon da har yanzu ake aiki da shi. Akwai ƙanana masu zama a cikin ruɓaɓɓen ganye da taki a saman ƙasa, waɗanda ke hayayyafa da sauri. Akwai masu zama a cikin ƙasar kanta, suna haƙa hanyoyi a kwance, ba kasafai suke leƙowa waje ba. Sai kuma manya masu haƙa rami a tsaye, wanda kan nutsa mita ɗaya zuwa biyu, su zauna a cikinsa shekaru, su riƙa fitowa da dare suna jan ganye da busasshiyar ciyawa zuwa ciki. Fitacciya a wannan rukuni na uku a Turai ita ce Lumbricus terrestris. Ramukanta ne magudanar ruwan gona: ta nan ruwan sama ke sauka maimakon ya kwanta, ta nan iska ke shiga, ta nan saiwa ke bi ta nutsa. Ita ce kuma ke kwashe tarkacen da ke sama ta kai shi ƙasa inda zai ruɓe ya zama abincin shuka. Charles Darwin ya keɓe littafinsa na ƙarshe, wanda ya fito a 1881, ga wannan aiki na tana, kuma binciken da ya biyo baya bai yi komai ba illa ƙara tabbatar da shi. Wani nazari na 2014 da ya tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa ya gano cewa kasancewar tana a gona na ƙara amfanin da ake girbewa da kimanin kashi 25 cikin ɗari a matsakaici.

Abin takaicin shi ne wannan babbar tana, wadda aikinta ya fi na kowace wuyar mayewa, ita ce ta fi faɗawa hannun tsutsar. Dalilan a fili suke. Da dare take fitowa saman ƙasa don ci da barbara, wato a daidai lokaci da wurin da maharbiyar ke yawo. Raminta buɗaɗɗe ne kuma mai faɗi, tsutsar na iya bin ta har ciki, tana kuma iya fakewa a ramin idan sama ta yi zafi ko ta bushe. Sannan ga jinkirin haihuwa: takan ɗauki kimanin shekara kafin ta balaga, kuma 'ya'yanta ba su da yawa idan aka kwatanta da ƙananan da ke cikin taki. Masu haƙa a kwance suna da kariyar ƙasar da ke kansu, ƙananan sama kuma suna da yawan haihuwa, ita kuwa ba ta da ko ɗaya daga cikin biyun. Saboda haka ɓarnar ba ta zuwa daidai wa daida a kan kowane iri, zaɓe take yi, kuma abin da take zaɓa shi ne ginshiƙin.

A ƙa'idar da aka saba gani tsakanin maci da abin ci, idan abinci ya ragu maci ma yakan ragu, sai abin ci ya samu sararin farfaɗowa. Wannan tsutsa ta karya ƙa'idar ta wata hanya mai ban mamaki. Idan tana ta ƙare a wuri ba mutuwa take yi ba, motsewa take yi: takan riƙa cin naman jikinta a hankali, tana ƙanƙancewa, kuma an ga ta rayu fiye da shekara guda babu abinci a wuri mai sanyi. Da zarar tana ta fara dawowa sai ta ci ta sake girma. A ganina wannan hali ya fi yawan cinta haɗari, domin shi ne ke hana gona warkewa da kanta. Ga shi kuma kowace ɗaya mata-maza ce, bayan barbara kowace na iya saka ƙwai. Ƙwan wani baƙin ƙunshi ne mai sheƙi, ya ɗan fi ƙwayar masoro girma, kuma kowane ƙunshi na ɗauke da 'ya'ya da yawa, galibi wajen shida ko bakwai. Ƙunshi ɗaya da ya maƙale a ƙasar tukunyar fure ya isa ya kafa sabuwar zuriya a garin da bai taɓa ganin tsutsar ba.

Alƙaluman da aka samu a gonaki sun zo cikin zango biyu, kuma kowane zango ya haifar da nasa kuskuren fahimta. A farkon shekarun 1990 rahotanni sun fi karkata ga lambuna da wasu filaye inda tana ta ɓace har ba a iya samun ta, haka ma a tsibiran Faro da ke arewacin tekun Atilantika, inda tsutsar ta bayyana a 1982 ta kuma mamaye gonakin dankalin turawa. Jaridun Birtaniya suka ɗauki maganar da zafi, kamar gobe za a wayi gari babu tana a ƙasar. Wani bincike a filayen ciyawa na Ailan ta Arewa ya same ta a kashi 4 cikin ɗari na filayen da aka duba a 1991, wani kuma da aka yi a ƙarshen shekarun ya same ta a kashi 70 cikin ɗari. Ko da an yi la'akari da cewa hanyoyin nema sun inganta a tsakani, wannan tsalle ne babba. Amma shekaru suka wuce gonaki ba su mutu ba, shanu na kiwo, madara na zuwa kasuwa, sai mutane da yawa suka koma ɗaya gefen, suna cewa an yi ta ihu ne a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Gwajin da ya fi kusantar da mu ga gaskiya shi ne wanda Archie Murchie da Alan Gordon na cibiyar binciken noma ta Ailan ta Arewa suka wallafa a 2013. Sun ware sassan fili, suka saka tsutsar da adadi daban-daban, suka bi abin da ya faru da tana. A yawan da ya yi daidai da abin da ake samu a filayen kiwo, wato ƙasa kaɗan da tsutsa ɗaya a murabba'in mita, jimillar nauyin tana ta ragu da kimanin kashi 20 cikin ɗari. Wanda ya tsaya a nan zai ce abin da sauƙi. Amma nauyin Lumbricus terrestris ita kaɗai ya ragu da kimanin kashi 75 cikin ɗari. Wato mai haƙa ƙasa da shebur zai ci gaba da ganin tana, ya kwantar da hankalinsa, alhali uku cikin huɗu na masu buɗe masa magudanar ruwa sun tafi. Masu cewa komai zai ƙare sun yi kuskure, masu cewa babu komai ma sun yi kuskure, kuma kuskuren na biyu ya fi tsada saboda shi ne ke sa a daina sa ido.

Akwai dalilin da ya sa irin wannan asara ke da wuyar gani a littafin lissafin manomi. Nazarin nan na 2014 ya nuna cewa amfanin tana ga yawan girbi ya fi bayyana a inda ake barin ragowar shuka a gona kuma ba a zuba takin zamani da yawa, yana kuma dushewa a inda sinadarin naitirojin ya wadata. Gonakin madara na Ailan na shan takin zamani sosai, don haka buhun taki na rufe giɓin da tanar ta bari ta fuskar abincin shuka. Abin da buhu ba zai iya rufewa ba shi ne giɓin ruwa. A ƙasar da ake ruwan sama kusan kowane wata, filin da ramukansa suka toshe yakan jiƙe ya daɗe bai tsane ba, kofaton shanu ya dagargaza shi, tarakta ta kasa shiga a kan lokaci, matacciyar ciyawa ta taru a sama ta yi tabarma, tsirran fadama marasa amfani ga dabba su fara mamaye shi. Duk waɗannan na faruwa a hankali, cikin shekaru, kuma kowanne na da wani abin da za a iya ɗora wa laifi, ko yawan ruwan bana, ko nauyin injuna, ko tsufan magudanan da aka binne. Manomin da ya fi shan wahala shi ne mai ƙaramin ƙarfi da mai noma ba da takin zamani ba, wato wanda ya fi dogara da aikin da ƙasa ke yi wa kanta.

Ba manomi kaɗai ke rayuwa da tana ba. Bushiya da dila da tsuntsaye iri-iri na cin ta, haka ma wata ƙaramar dabba mai haƙa rami da Turawan Ingila ke kira mol, wadda kusan duk abincinta tana ce. Brian Boag, wanda ya shafe shekaru yana bin sawun tsutsar a Sikotilan, ya ba da rahoton cewa a wasu gonaki na yammacin ƙasar inda ta yi kaka-gida wannan dabbar ta ɓace. Ita kuwa tsutsar ba ta maye gurbin tana a matsayin abinci, domin yauƙinta ba ya yi wa yawancin masu farauta daɗi, yakan ma sa wa wasu mutane ƙaiƙayi a fata. Wasu ƙwaro masu yawo a ƙasa da 'ya'yansu na cin ta, amma ba da yawan da zai rage ta ba.

Tambayar da ke biyo baya ita ce me ya sa ba ta zama annoba a ƙasarta ta asali ba, musamman da yake filayen kiwon Niyu Zilan cike suke da tanar Turai da baƙi suka shigo da ita, har ma an riƙa dasa ta da gangan a wasu filaye a ƙarni na ashirin saboda an ga yadda take ƙara yawan ciyawa. Babban abin da ke riƙe da ita shi ne yanayi. Zafin da ya haura digiri 20 a ma'aunin salshiyas, idan ya ɗore, kashe ta yake yi, haka ma daskarewar ƙasa. A tsibirin kudu an fi samun ta a daji da lambuna masu inuwa, domin buɗaɗɗun filayen gabas na yin zafi da bushewa lokacin bazara. Ailan da yammacin Sikotilan da Faro kuwa teku ya daidaita musu yanayi, babu zafi mai tsanani, babu sanyi mai daskarar da ƙasa na dogon lokaci, ga laima duk shekara. Wannan ne ya sa ta yi ƙarfi a arewa da yammacin tsibiran Birtaniya da Ailan, ta yi rauni a kudancin Ingila mai ɗumi. Sai dai kudancin bai tsira ba, domin wata 'yar uwarta daga Ostareliya, Australoplana sanguinea, wadda aka fara gani a tsibiran Sili da ke kudu maso yammacin Ingila a 1980, ta fi jure ɗumi, ita ma kuma tana take ci.

Da ƙafarta, idan ana iya cewa tana da ƙafa, tsutsar ba ta da saurin da zai kai ta nesa: mita goma sha wani abu a awa shi ne iyakar abin da aka auna. Mutane ne suka ɗauke ta. Bayanan da aka tattara a Sikotilan sun nuna jerin da ta bi: daga lambunan nazarin tsirrai zuwa gidajen renon shuke-shuke da kantunan sayar da su, daga nan zuwa lambunan gidaje, sannan daga baya gonaki. A cikin gonakin kuma sai ta samu sababbin motoci. Manyan ƙunsoshin ciyawa da ake naɗewa da baƙar leda a ajiye wa shanu na zama a ƙasa watanni, ƙarƙashinsu da duhu da laima, kuma idan aka sayar da su ga wani manomi sukan tafi da tsutsa ko ƙwanta a manne. Haka ƙasar da ake kwasa daga wurin gini, da taki, da tayar tarakta, da ambaliya. Maƙwabci mai kirki da ya tsinko wa maƙwabcinsa tsiro da ƙasarsa ya yi wa yaɗuwar hidima fiye da duk rarrafen da tsutsar za ta yi a rayuwarta.

Maganar magani gajera ce, saboda babu shi. Babu wani maganin feshi da aka amince a yi amfani da shi a kanta, kuma gubar da za ta kashe ta a cikin ƙasa za ta kashe tanar da ake son ceto. A lambu ana ɗana mata tarko da katako ko buhun leda mai ƙasa a ciki, a riƙa ɗagawa ana tsince ta ana jefawa a ruwan zafi ko ruwan gishiri, kuma wannan na rage ta ba tare da ya ƙarar da ita ba. A gona mai hekta hamsin wannan ba abin yi ba ne. Abin da ake ba manoma shawara shi ne su taimaki tana ta hayayyafa ta hanyar zuba takin dabbobi, su rage tarkacen da tsutsar ke fakewa a ƙarƙashinsa, su duba abin da suke shigowa da shi. Inda dabara ke aiki da gaske shi ne kafin tukunyar shuka ta bar wurin reno: gwaji ya nuna cewa tsoma ta na 'yan mintuna a ruwan da ɗuminsa ya kai wajen digiri 34 na kashe manyan tsutsotsin, kuma sayar da tsiro da saiwarsa a wanke, babu ƙasa, ya fi komai tsafta. Dokar Birtaniya ta haramta sakin ta a daji, kuma a 2019 Tarayyar Turai ta saka ta cikin jerin baƙin halittu masu ɓarna da aka hana shigo da su da sayar da su, ita ce ta farko a danginta da ta shiga jerin. An yi wannan ne shekara 56 bayan ganinta a Belfas, kuma ba na jin akwai wanda zai kira shi gaggawa.

Cikin waɗannan shekaru kasuwar tsirrai ta duniya ta ƙara faɗi, 'yan uwan tsutsar kuma sun bi ta. A Faransa, Jean-Lou Justine na gidan adana tarihin halittu da ke Paris ya fara neman jama'a su aiko masa da hotunan abin da suke gani a lambunansu a 2013. Sakamakon da shi da abokan aikinsa suka fitar a 2020 ya nuna cewa wata faffaɗar tsutsa mai suna Obama nungara, wadda asalinta kudancin Amurka ne kuma abincinta tana ce da katantanwa, ta riga ta bayyana a gundumomi 72 daga cikin 96 na ƙasar. Babu jami'in kan iyaka da ya tare ta, masu lambu ne da wayoyinsu suka gano ta, bayan aikin gama ya gama. Akwai kuma Platydemus manokwari ta tsibirin Niyu Gini, wadda ita da gangan aka kai ta wasu tsibiran tekun Pasifik don ta cinye babbar katantanwar Afirka mai ɓarnar amfanin gona, sai ta haɗa har da katantanwar asali ta tsibiran. Duk mai tunanin a nemo wa tsutsar Niyu Zilan wani maƙiyi daga ƙasarta a sake shi a Ailan ya kamata ya fara karanta wannan labari.

A arewacin Amurka kuwa hukuncin ya ɗan rikice. Can akwai Bipalium adventitium, mai kai kamar guduma, wadda ke afka wa tanar da ta ninka ta nauyi sau da yawa, kuma a 2014 aka gano cewa ita da Bipalium kewense na ɗauke da guba irin ta kifin nan mai kumbura. Amma a dazuzzukan arewacin nahiyar, waɗanda ƙanƙara ta taɓa rufewa, tanar da ake gani yau ita kanta baƙuwa ce daga Turai da Asiya, kuma tana cinye shimfiɗar ganyen da tsirran dajin suka dogara da ita. Baƙuwa ce ke cin baƙuwa, mai lambu na kuka, mai kula da daji kuma ba lallai ya taya shi ba. Wannan na nuna cewa ɓarnar ba a jikin tsutsar kaɗai take ba, tana cikin irin aikin da mutum ya ɗora wa ƙasar, kuma filin kiwon Ailan ƙasa ce da aka gina a kan tana.

Tsutsar Niyu Zilan ba za ta yi kwana biyu a ƙasar Kano ko Maraɗi ba, zafi zai gama da ita, kuma a busasshiyar ƙasar Sahel gara ce ke yin babban kaso na aikin buɗe ƙasa, abin da masu haƙa ramukan tassa (ƙananan ramukan shuka da ake zuba wa taki) a Nijar suka daɗe da amfana da shi. Amma dangin na da reshen da ke son ɗumi. Bipalium kewense, wadda aka fara bayyanawa a 1878 daga ɗakin renon tsirrai masu son zafi na lambun Kiw a Landan, asalinta kudu maso gabashin Asiya ne, kuma ta bi tukwanen furanni ta watsu a ƙasashe masu zafi da laima a faɗin duniya. Tsawonta kan kai santimita 30 ko fiye, tana take ci, kuma ba ta ma buƙatar ƙwai: gutsuren jelarta kan yanke ya fito da sabon kai, don haka sara ta da fartanya ƙara ta yake yi. A kudancin Amurka ta Arewa an san ta da addabar masu kiwon tana. Wannan ya shafi yammacin Afirka kai tsaye ta fuska biyu. Ta farko, Eudrilus eugeniae, ɗaya daga cikin ire-iren tanar da aka fi kiwo a ƙasashe masu zafi don yin taki, 'yar asalin yankin ce, kuma kwamin kiwonta mai inuwa da laima shi ne ainihin wurin da irin wannan maharbiya ke nema. Ta biyu, wani nazari na 2023 ya ƙiyasta cewa tana na da hannu a kimanin kashi 6.5 cikin ɗari na hatsin da duniya ke nomawa, amma a Afirka kudu da Sahara kason ya kai wajen kashi 10, saboda ƙarancin takin zamani ya sa gonakin sun fi jingina da ita. Mai kiwon tana ko mai renon furanni da ya sayo tukwane daga garuruwan bakin teku zai fi samun kwanciyar hankali idan ya ajiye su nesa da kwaminsa na 'yan makonni, yana ɗaga su da sassafe yana duba ƙarƙashinsu, kuma duk faffaɗar tsutsar da ya gani ya ɗauke ta da tsinke ya jefa a gishiri ba tare da ya yanka ta ba.